Hawan keken tsere a hanyoyin karkarar Bauchi: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kekuna suka fara dawowa titunan Bauchi, kuma cikin waɗanda suka karkaɗe ƙurar nasu don zuwa aiki an samu wasu da abin ya shiga jininsu. Ran Asabar da sassafe sai ka ga mutum ya wuce Yelwa ya miƙe hanyar Dass, ba kasuwa za shi ba, ba gona ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan mutane suka fi yawan yi. An faro daga na mafari zuwa na wanda ya riga ya ɗanɗana hanya, kuma inda amsa ta jingina da wata an faɗi lambarta.

1. Me ya raba keken tsere da keken da muka tashi muka gani a gida?

Aikin da aka ƙera kowanne dominsa. Raleigh da Phoenix na iyayenmu don ɗaukar kaya aka yi su: ƙarfe mai kauri, kariya a baya da za ta ɗauki buhun masara, giya ɗaya tak, nauyi ya kusa kilo 20. Keken tsere babu abin da yake ɗauka sai kai. Na alminiyam yakan yi kilo 9 zuwa 11, na ƙwararru kuwa har doka aka kafa kada ya gaza kilo 6.8. Tayarsa siririya ce, kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa, yana da faranti biyu a gaba da jerin haƙora 8 zuwa 12 a baya, su ne giyoyinsa.

Lanƙwasar kan nan tana da dalili. Da zarar gudu ya haura kilomita 20 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin ƙarfin mutum wajen tsaga iska yake ƙarewa, saboda haka duk yadda ka sunkuya sai ka ji sauƙi. Ga kuma wuraren riƙo har uku, abin da hannu ke nema idan za a yi awa uku a kan sirdi.

2. Ke nan sai na mallaki irinsa kafin in fara?

A'a. Keken da ke jingine a zaure ma ya isa ka gane ko abin zai yi maka. Idan mai giya ne irin na hawan duwatsu, cire masa tayar nan mai manyan haƙora ka sa mai santsi, za ka yi mamakin yadda zai saki jiki a kan kwalta. Sai ka yi wata biyu kana fita, ka ga ba ka daina ba, sannan a yi zancen kashe kuɗi.

3. Na gwanjo zan saya. Me zan duba?

Girma ne farko, tun kafin launi da suna. Keken da ya yi maka girma ko ƙanƙanta babu makanikin da zai gyara shi. A gwargwado, mai tsawon santimita 165 zuwa 172 ya nemi firam, wato gangar jikin keken, mai lamba 52, mai 172 zuwa 180 ya nemi 54, wanda ya haura haka 56 ko 58. Ka tsaya firam na tsakanin ƙafafunka, ka tabbata akwai 'yar rata. Daga nan sai ka bi wuraren walda da ido da yatsa, musamman wuyan keke da gindin feda, kana neman tsaga. Ɗaga wili ka juya shi ka ga ko yana rawa. Hau ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya; hannun giya da ke haɗe da birki shi ne abu mafi tsada da wuyar samu, idan ya mutu cinikin ya lalace komai arharsa.

Ra'ayina, wanda wasu ba za su so ba: ka bar firam ɗin kabon na gwanjo, wato mara nauyin nan da ba na ƙarfe ba, ga wanda ya san shi. Yakan tsage ta ciki ba a gani, kuma mai walda ba ya da abin da zai yi masa. Alminiyam ko ƙarfe mai kayan Shimano Claris ko Sora, wato giya 8 ko 9 a baya, ya fi dacewa da mu, domin sarƙarsa da haƙoransa sun fi araha kuma sun fi sauƙin samu. Kafin ka biya, ka duba ratar da ke tsakanin taya da firam. Dalilin yana amsa ta 8.

4. Wace hanya ce ta fi dacewa a kusa da garin Bauchi?

Hanyar Dass ce makarantar kowa. Da ka fita ta Yelwa ka wuce Bayara, hayaniyar Keke Napep da 'yan makaranta ta lafa, ƙasa ta fara hawa da sauka a hankali tsakanin gonaki da duwatsu, har ka hango duwatsun Mbula tsaye a kan garin Dass. Tsakanin Bauchi da Dass kilomita 50 ne da 'yan kai, zuwa da dawowa ya haura 100 ke nan, wannan kuwa ba aikin mafari ba ne. Mafari ya yi aiki da agogo: minti 40 gaba, ya juyo. Daga Dass hanya ta zarce Tafawa Ɓalewa da Bogoro, inda tuddai ke ƙara tsayi don an doshi Filato.

Ta arewa akwai madatsar ruwan Gubi da ke shayar da gari, tafiya ce gajera da ta dace da safiyar ranar aiki. Hanyar Jos ta fi kowace kyan gani, ga dutsen Zaranda, ga hawa na gaske tunda Bauchi tana wajen mita 600 sama da teku, Jos kuma ta kai 1,200, sai dai tireloli da tankoki sun mallake ta. Ta Gombe ma haka take har Dindima, inda gada ta ƙetare kogin Gongola. A wajen nan ne reshe ya ɓalle kudu zuwa Mainamaji, ƙofar Yankari. Kada ka ƙulla niyyar shiga gandun da keke ba tare da jin ta bakin ma'aikatan ƙofa ba, gidan giwa da ɓauna ne. Ka kuma karanta amsa ta 14 kafin ka nufi wannan ɓangare.

Daɗin abin dai yana kan ƙananan rassan kwalta da ke sauka daga manyan hanyoyin nan zuwa ƙauyuka, inda za ka yi minti goma ba ka gamu da komai ba sai mai babur ɗauke da itace. Yadda ake gano su yana amsa ta 6.

5. Mu da ke Gombe fa?

Garin Gombe a kwari yake, duk wanda ya fita ta Tumfure ya san da hawa zai yi karin kumallo. Ta gabas akwai hanyar Kwadon zuwa Dadin Kowa, kilomita 30 da wani abu, da dutsen Bima a gabanka, amma ranar da kasuwar kayan gwari ta Kwadon ke ci ba ranar keke ba ce. Kudancin jihar shi ne ƙasar tuddai ta sosai: Billiri, Kaltungo, dutsen Kilang, sai hawan Tula mai kwana-kwana wanda zai gwada giyarka da zuciyarka. Mai hankali yakan sa kekensa a mota zuwa Kaltungo ya faro daga can, ya huta da manyan motocin hanyar Yola.

6. Yaya zan gane hanya mai shiru tun kafin in hau ta?

Shirun hanya a ƙasarmu na rana ne da sa'a. Hanyar da ka bi ran Talata ba ka ga ko mota biyar ba, ranar kasuwar garin da ke ƙarshenta za ta cika da a-kori-kura, babura masu goyon uku-uku da garken awaki tun daga hantsi har magariba. Saboda haka tambayar farko ita ce: yaushe kasuwa ke ci? Ta biyu: akwai inda ake ɗibar yashi ko fasa dutse? In akwai, tifofi za su yi ta safa, kuma direban tifa da ake biya kan kowane sawu ba ya da lokacinka.

Taswirar waya tana nuna layi, ba ta nuna inda kwalta ta ƙare aka koma burji, ko kwalbatin da ruwa ya cinye bara. Wannan labari yana bakin direbobin tasha da 'yan acaɓan bakin mahaɗa. Ka tsaya, ka yi sallama, ka ce, "Don Allah Malam, kwalta ta kai har ciki? Ina ne ta fi lalacewa?" Za a ba ka amsa har da abin da ba ka tambaya ba.

7. Wane lokaci ya fi, a yini da kuma a shekara?

A yini, da an sallame sallar asuba gari ya fara haske. A watannin Maris da Afrilu zafi kan taɓa digiri 40, wanda bai dawo gida kafin ƙarfe 10 ba ya shiga wani abu daban da motsa jiki. Mafi daɗin lokaci shi ne daga ƙarshen damina, Oktoba da Nuwamba, gari kore, sama garau, kafin hazo ya sauko. Hunturu kuwa sanyinsa na taimako, amma ƙura na shiga ƙirji kuma direba ba ya hango ka da wuri, don haka fitila mai walƙiya gaba da baya ta zama tilas ko da rana. Mai asma ya haƙura da ranakun da hazo ya yi kauri.

Ga wani abu da ke cin mutane da yawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Dass kuwa tana kudu maso yammacin Bauchi. Ke nan a tafiya iska na bayanka tana tura ka, ka ji kamar ka zama gwani, ka yi nisa fiye da yadda ka shirya. Da ka juyo sai ta tare ka a ƙirji, ga rana ta ɗaga, ga gora ta yi rabi. Da damina abin juyawa yake, iska daga kudu maso yamma take zuwa, ka sha wuya a tafiya ta rako ka gida. Da damina kuma ka kula da hadari: idan aka fara tsawa ka nemi gini ka fake, ba gindin bishiya ba, kuma kada ka ratsa ruwan da ke gudu a kan hanya.

8. Tayata kullum faci. Laifin wa?

Galibi laifin siririyar taya ne, sai tsidau. Yawancin kekunan gwanjo da taya mai faɗin milimita 23 suke zuwa, wadda aka yi don titunan da ake sharewa. A kan tamu kwalta mai ɓaraguzai, da ramukan da aka cike da jar ƙasa, milimita 28 ce mafi ƙaranci, 32 ta fi idan firam zai ɗauka. Mai faɗi ba ta rage gudu a hanya mai gargada, ƙarawa ma take yi, tunda keke ya daina tsalle.

Iska ma sai da lissafi. Idan ta yi kaɗan, bakin rami zai matse tif da rim, ka ga huda biyu gefe da gefe. Idan ta yi yawa, jiki ya jijjigu, taya ta rasa riƙo a kwana. Mai nauyin kilo 70 ya fara da awo 70 (psi) a ma'aunin famfo ga taya 28, awo 55 zuwa 60 ga 32, ya daidaita daga nan. Tsidau kuwa a gefen hanya yake kwance, inda mutum ke sauka ya huta ko ya tura keke zuwa inuwa. In za ka bar kwalta, ɗauki keken a kafaɗa, in kuma ka tura shi, shafa tayoyin ka cire ƙaya kafin ka hau. Bayan kowane faci ka bi cikin taya da yatsa a hankali; ƙayar da aka bari ita ke huda sabon tif tun ba a yi nisa ba.

9. Mai facin ƙauye zai iya taimaka mini?

Zai iya liƙe tif, yana da sholisho da roba, hannunsa kuma ya fi naka sabo. Inda ake samun matsala shi ne bawul. Na keken tsere siriri ne mai ɗan noti a kai, famfon babur ba ya kama shi, sai da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a kai ya mai da shi irin na babur. Saye shi ka bar shi cikin jaka. Tif mai girman wilinka kuwa ba za ka same shi a ƙauye ba. Abin da bai kamata ka fita babu shi ba: tif biyu, ƙaramin famfo, robobin ɓanɓare taya, kayan faci, makullan alanki, mahaɗin sarƙa, katin shaida da kuɗi a hannu, ƙanana. Ka kuma roƙi mai faci kada ya sa sukundireba ya ɓanɓare maka taya, rim ɗin alminiyam ba ya jure wannan.

10. Tudu yana kashe ni. Ƙarfi ne ba ni da shi?

Sau da yawa giya ce. Tsofaffin kekunan tsere sukan zo da ƙaramin faranti mai haƙora 39 a gaba da babba mai 25 a baya. Kowane zagayen feda na tura ka fiye da mita 3, a tudu kuwa wannan azaba ce. Idan ka samu 34 a gaba da 32 a baya, zagaye ɗaya mita 2 ne da kaɗan, sai ka zauna kana juya ƙafa cikin natsuwa har ka kai ƙoli. Babu abin kunya a nan, ƙwararru ma da irin wannan suke hawan manyan duwatsu.

Ƙasa mai tudu da gangare tana da nata salo. Ka sauya giya kafin hawan ya kama ka, tun feda na da sauƙi, don sarƙa ba ta son a sauya ta ana danne da ita. Ka fara hawa a hankali fiye da yadda zuciya ke so, ka bar ƙarfin don kashi ukun ƙarshe. Ƙafa ta riƙa zagaye 80 zuwa 90 a minti a fili, kada ta faɗi ƙasa da 60 a tudu in da hali. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne magana: idan ba ka iya amsa gaisuwar manomin da ya ce maka sannu, ka wuce gejinka.

11. Gangara fa? Ita ce ke ba ni tsoro.

Tsoron na da amfani. Riƙe ƙasan kan keke inda yatsu suka fi kama birki, ja jiki baya kaɗan, ka duba nesa. Birkin gaba ne ke tsayar da keke, amma matsa shi ake yi, ba fizga ba, tare da na baya. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Abin da ya keɓanta da hanyoyinmu shi ne gindin gangara: a nan kwalbati yake, a nan ruwan damina ke tara yashi, a nan kuma rami ya fi son zama, daidai inda gudunka ya fi yawa. Ƙofar kowane ƙauye kuma ka sa ran tudun rage gudu da mutanen gari suka gina da kansu, ba fenti ba alama.

12. Me zan ci, me zan sha, kuma yaya batun azumi?

Rabin lita zuwa lita ɗaya na ruwa a kowace awa, gwargwadon zafi, kurɓi-kurɓi tun ƙishi bai zo ba. Gora biyu a jikin firam, ana ƙarawa da ruwan leda a garuruwan hanya. Gumi na tafiya da gishiri, shi ya sa a gora ɗaya yake da kyau a yi haɗin nan da aka sani: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tafiyar da ta wuce awa ɗaya da rabi tana son abinci a hanya, kuma ba sai an nemo na kanti ba: dabino huɗu ko biyar a awa, ayaba, gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Koko da ƙosai kaɗan kafin fita sun wadatar. Masa da miya, ko fura da nono mai kauri, a bar su sai an kusa gida, don cikin da ya cika ba ya hawan tudu.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsigar jiki na tashi cikin rana, ko ka ga abokin tafiya yana magana ba kan gado, duk alamun zafi ya yi yawa ne. A tsaya a inuwa, a jiƙa jiki da ruwa, a nemi mota. Wanda ya rikice asibiti za a kai shi. Da azumi a ajiye doguwar tafiya. Minti 30 zuwa 45 a hankali dab da shan ruwa, kusa da gida, ya isa riƙe jiki. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ji ta bakin likitansa, da azumi ko ba azumi.

13. Shanu, karnuka, yara da shanya a kan hanya: yaya ake yi?

Hanyar da babu mota tana cike da masu ita. Da kaka za ka tarar an shanya masara, barkono ko shinkafa a gefen kwalta, an jera duwatsu an tsare. Kauce, kada ka bi ta kai, abincin wani ne kuma santsi gare shi. Garke in yana ƙetarewa, tsaya cak, sauke ƙafa, gai da makiyayi, ka bar shi ya buɗe maka. Kada ka buga ƙararrawa, kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Akuya da kaza ba su da alƙibla, ka ɗauka gabanka za su faɗo. Yara za su biyo ka da gudu suna ihu, wasu har su kama sirdi. Rage gudu ka yi musu magana, ya fi ka yi ƙoƙarin tsere musu.

Kare in ya taso, kada ka yi gasa da shi a tudu. Sauka, sa keke tsakaninku, daka masa tsawa, ka ja da baya har ka fita yankinsa. In ya yi cizo ko yakushi, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka je asibiti ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wannan ba a jinkirta shi, ba a kuma kai shi wurin mai magani a gida.

14. Batun tsaro fa?

Ba a ɓoye shi. Dajin Lame-Burra da wasu sassan Alkaleri sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma labarin hanya yana sauyawa daga wata zuwa wata. Abin da direbobin tasha suka faɗa maka jiya ya fi abin da ka sani bara. Kada a fita mutum ɗaya zuwa inda ba a sani ba. Uku ya fi biyu. A gida a san hanyar da ka bi da sa'ar dawowarka, kada kuma ka sanar wa duniya a Facebook ko Strava, manhajar masu keke da gudu, inda za ka gobe. A shingen jami'ai ko na 'yan banga, rage gudu, cire tabarau, yi sallama. Baƙon da ya rufe fuska, ya tsaya yana ɗaukar hoton gari bai gai da kowa ba, shi ya jawo wa kansa tambaya. Idan wuri ya zama na zuwanku a kai a kai, ku je ku gai da mai unguwa sau ɗaya, za ku ga amfaninsa ranar da keke ya lalace.

15. Ina ya kamata in tsaya a kan titi, kuma hular kwano dole ce?

Dama, tare da motoci, kamar yadda ƙasar nan ke tuƙi tun 1972. Bar kamar mita ɗaya tsakaninka da bakin kwalta, don ka samu wurin kaucewa kuma a gan ka. Haɗarin da ya fi yawa a hanyar karkara shi ne mota mai zuwa ta gabanka da ta fito wuce wata, ko ta kauce wa rami ta dawo hannunka. Direban ya ɗauka kai za ka sauka, to sauka. Kunne a buɗe, ban da abin jin waƙa. Hular kwano kuwa ta keke ake nufi, mara nauyi mai ramukan iska, a ɗaure ta a haɓa. Wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

16. Dole sai na sa matsattsun kayan nan? Mata kuma za su iya?

Gajeren wandon keke yana da soso a ciki da ke hana gogewa, amfaninsa ke nan, kuma babu mai hana ka ɗora wando mara nauyi a kansa. A ƙauyukanmu hakan ya fi, mutunci ne gare ka da waɗanda za ka ratsa ta ƙofar gidansu. A ɗaure ƙafar wandon dama kada sarƙa ta kama. Riga mai haske, fara ko ruwan ɗorawa, ta fi baƙa ga zafi da idon direba.

Hajiya, za ki iya. Ese Ukpeseraye, mace, ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na gasar Olamfik, a Faris a 2024. Abin lura shi ne dogon hijabi da zani suna shiga wili da sarƙa, wannan kuwa faɗuwa ce mummuna. Hijabi gajere da ya tsaya a ƙugu, riga zuwa gwiwa da wando sun rufe jiki ba su kama komai ba. Ki fita tare da maigida, ɗan'uwa ko ƙawaye, a hanyar da aka san ku.

17. Gwiwa na ciwo, sirdi na cin jiki, har gabana yakan yi sanyi. Lafiya?

Kusan kullum zaman sirdi ne. Ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa: ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, wannan ne tsayin da ya dace. Ciwo a gaban gwiwa na nuna sirdi ya yi ƙasa, a bayanta kuma ya yi sama. Sirdi ya kwanta daidai, hancinsa bai ɗaga ba. Mutuwar gaba daga dannewar jijiya take zuwa; miƙe tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙu kowane minti 10 zuwa 15, ka gwada sirdi mai tsaga a tsakiya. In abin bai saki ba bayan ka sauka, ko yana dawowa, ka daina hawa ka ga likita. Ciwon mazaunai na makonnin farko kuwa kowa ya sha shi, yana wucewa.

18. Baƙin mai ya isa ga sarƙa?

Shi ne ke kashe ta. Yana da danƙo, ƙurar hunturu na manne masa, su haɗu su riƙa cin sarƙa da haƙora. Wanke da kananzir da tsohon buroshi, bari ta bushe, ɗiga man sarƙa ko man keken ɗinki a kowace gaɓa, sannan ka goge na waje da tsumma har sai ta kusa bushewa. Kada a kai keke wurin wankin mota a sa masa ruwa mai ƙarfi, yana kore giris daga boris. Sarƙar da ta miƙe a sauya ta da wuri, in ba haka ba ta tafi da haƙoran baya, kuɗin ya ninka.

19. Akwai inda abin ke kaiwa, ko motsa jiki ne kawai?

Akwai gasa. Tseren keke yana cikin wasannin da jihohi ke fafatawa a bikin wasanni na ƙasa, matashin da ke da ƙafa ya nemi hukumar wasanni ta jiharsa. A waje, Tour de France da aka fara a 1903 ita ce uwa, kuma a 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a cikinta ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Burkina Faso na shirya nata zagayen tun 1987, Kigali kuma ta karɓi gasar duniya a Satumban 2025, karo na farko a Afirka.

20. Idan na faɗi, ko na gaji, ko keke ya ƙi gyaruwa a tsakiyar hanya fa?

In faɗuwa ce, fara janye jiki da keke daga kwalta. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta har ƙasa ta fita, a rufe, a kuma tuna allurar tetanus. Wanda kansa ya bugu, ya suma ko yake amai, ko yake kukan wuya da baya, kada a ɗaga shi da garaje, kada kuma ya sake hawa. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa 112.

In gajiya ce ko lalacewa, kuɗin da aka ambata a amsa ta 9 ranarsu ta zo. Tsayar da a-kori-kura ko motar haya, ku yi ciniki har da keke. Cire wilin gaba, mai da sarƙa kan babban haƙori na baya don ƙarfen giya ya shige ciki, ka kwantar da keke ɓangaren sarƙa na kallon sama. Ka tsaya a kai har a gama lodi, domin yaran mota sun saba da Phoenix, za su ɗora masa buhu su ja igiya iya ƙarfinsu.